A Gindin Darbejiya Na Yi Firamare

Muna cin abincin rana a asibitin da muke shara a garin Largo, nan ƙasar waje, sai abokin aikina, wani dattijo ɗan Bengal, ya miƙo min wayarsa. Hoton garinsu ne, Santiniketan: ɗalibai zaune a gindin mangwaro, malami a gabansu.

Na ce, "Baba, ashe ku ma rufin ajinku ya rufta?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Garin jami'a ne fa, yaro! Tun asali haka suka zaɓi yin karatu. Daga ƙasashe ake zuwa kallon bishiyoyin nan."

Na mayar masa da wayarsa. Ranar Asabar zan je Mitchellville gaida Alhaji, mahaifin yarinyar da nake nema, likita ne. Yayana ya ja min kunne, wai kada in kuskura in ce a gindin bishiya na yi firamare, in ce difloma gare ni.

Wallahi ba zan yi ƙaryar nan ba. In Alhaji ya tambaya, aji shida ne, a gindin darbejiya. In zai hana ni 'yarsa, ya hana ni a kan gaskiyata.

Da ku ne, me za ku gaya masa?