Sawun Yatsu a Bangon Malam Haruna

Ku da kuke koyon aikin tayil a hannuna, akwai safiyar da har gobe ba ta fita raina ba. A Ƙofa ne, ta ƙasar Bebeji, da rani. Wani ma'aikacin ruwa a Tiga, Musbahu, ya ɗauke ni in gyara banɗakin mahaifinsa, Malam Haruna, tsohon malamin allo. Ya ce Malam zai riƙa shiga na cikin gida har in gama.

Ga wanda bai san aikin ba, tayil ba ya zama a kan karkataccen bango. Sai ka sassaƙe tudu, ka cike rami, ka yi sabuwar filasta, ka ja ta da miƙaƙƙen katako har ta yi sumul. In ta bushe ka shafa maganin da ke hana ruwa ratsa bango, sannan tayil ya hau. Bangon Malam kuwa, ba a magana! Tudu nan, kwari can. Na sa guduma na baje su duka, na gama filasta daf da magariba, na tafi gida ina yaba kaina.

Washegari na shigo, sai na tsaya turus. An ja layi a jikin filastar, sawun yatsu, tun daga ƙofa har kusurwa, daidai ƙirjina. Raina ya ɓaci. Na yi sallama cikin gida na ce a ja wa yara kunne. Matar Musbahu ta ce, "Wane yaron? Ko kaza ba ta isa ta leƙa banɗakin Baba ba." Na koma na duba, gaskiyarta, yatsun na babba ne.

Na cike, na sake ja. Da safe layin ya dawo a wurinsa na jiya sak, har da ɗan rami a kusurwa, an danna babban yatsa da gangan. Ikon Allah! Mai kawo mana yashi ya leƙa ya ce, "Maigida, banɗaki fa gidan mutanen ɓoye ne. Ka yi bisimilla kuwa kafin ka fasa?" Na ce ya rufe mini baki. Musbahu kuma ya bugo waya: "Me nake ji? An ce filastarka tsagewa take yi." Na ce ba tsagewa ba ce. Ya ce to mece ce? Na duba siminti, na duba yashi, har hannuna na fara zargi.

Ina cikin haka Malam ya aiko kirana. Na same shi a zaure kan buzu, na durƙusa na miƙa hannu biyu. Sai na ji kan yatsunsa da kaushi, siminti ya cinye su.

"Ɗana," ya ce, "ina ka kai tuduna?"

"Allah ya gafarta Malam, wane tudu?"

"Na bakin ƙofa. Da kwarmin kusurwa, inda nake juyawa."

Ban gane ba, sai da ya sa na matso ya yi mini bayani. Ashe idonsa ya tafi tun bara, sai haske-haske. Karatu a ka yake, gidan kuma ƙafarsa ta san shi, shi ya sa ba wanda ya lura. Banɗakin cikin gida bai saba da shi ba, don haka nasa ya ci gaba da shiga, kuma da hannu yake binsa.

"Ranar da ka goge bangon na shiga, na rasa gabas na rasa yamma, na rasa ƙofar fita. A banɗakina! Shi ne na yi wa kaina hanya."

"Malam, a gaya wa Musbahu mana, a kai ka asibiti."

"Kul! Ranar da suka sani za a haɗa ni da mai riƙe mini hannu har bayi. Ni da na koya wa rabin garin nan tsarki? Amana na ba ka."

Kaina ya ɗaure. Wanda ya ɗauke ni aiki sumul yake so, wanda zai shiga kuma sumul ɗin ne ya ɓatar da shi. Na daidaita bangon dai yadda aiki ya ce, na bar igiyar awo a ɗaure daga ƙofa zuwa kusurwa don ya riƙa bi, har filasta ta bushe na shafa magani. Da na zo ɗora tayil, sai na sa layi guda mai kaushi, na ɗan turo shi waje, daidai inda yatsun suka bi, na ƙare shi da guntu mai tudu a kusurwa.

Musbahu ya zo ya ɓata fuska. "Wannan layin fa? Ai ya fito waje." Na ce ado ne, haka ake yayi. Ya ce adon banza, kuma bai sake kirana aiki ba. Abin ya yi mini ciwo, na haɗiye.

Har yau ban san ko daidai na yi ba, wataƙila da na yi magana an yi wa idon magani. Abin da na sani, Malam ya ci gaba da ɗaukar butarsa da kansa, ya shiga ya fito ba mai riƙe masa hannu. Shi ya sa nake hana ku ɗaga guduma a gidan tsoho kafin ku zauna da shi. Ku tambaye shi, ba ɗansa ba, abin da hannunsa yake dafawa in yana tafiya.