Ranar da Inna ta Bar Tanda a Kan Wuta

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, cikin dogon hutun da na gama aji biyar na firamare. An kwana ana yayyafi, ƙofar gidanmu a Jiwa duk ta caɓe, ni kuwa ina tsugune gefen murhu ina fama da ɗanyen itace, ina hurawa hayaƙi yana ramawa a idona. Inna tana kan kujerarta 'yar tsugunno, ludayi a hannun dama, tsinken juya waina a hagu, leburorin da ke sammakon tafiya Idu sun kewaye ta kowa da kwanonsa. Cikin wannan hada-hada ne mai gidan hayar da ke bayanmu ya zo ya tsaya, ko sallama bai yi ba, ya shaida wa mazan cewa Habi mai lemo ta cika. Aka yi salati sama-sama. Wani ya ce dama an san za a rina, wani kuma ya miƙo kwano ya ce a ƙara masa miya.

Sai an san abin da tandar nan take a gidanmu kafin a gane sauran zancen. Baba dako yake yi a rumbunan ajiyar kaya na Idu. Ranar da tirela ta shigo ya dawo da fara'a, ranar da babu kuwa ya dawo da takalmansa kawai. Tandar Inna ce ba ta fashi, ita ke ci da mu huɗu, ita ke ɗinka mana yunifom. Da la'asar a jiƙa shinkafa, ni in kai niƙa in dawo da bokiti a ka ina tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, ƙanina ya jido ruwa daga burtsatse, a kwaɓa ƙullu a rufe shi ya kwana ya tashi. Da asuba ƙamshin miyar taushe ke tashinmu, ba kiran kowa ba. Masu waina ba su yi kaɗan ba a unguwar, amma Inna ta fi su da tsabta, har tsegumi ake yi cewa ta fi wanke hannu fiye da liman. Takan ce mana, "Mai sayar da abinci hannunta ne jarinta." Wannan magana mun ji ta har mun gaji.

Ita kuwa Habi, babu wanda ya san takamaiman garinsu. Daga can arewa ta zo ita kaɗai, ta kama ɗakin ƙarshe a gidan hayar, tana kai lemo bakin kamfanoni. Doguwa ce mai yawan dariya, in tana fere lemo ɓawon ba ya tsinkewa har ta gama, mu 'yan mata mu bar carafke mu zo mu yi rububinsa mu rataya a wuya a matsayin sarƙa. Tun rani ta fara tari, ta rame, ta daina fita. Lokacin nan kuwa, da mace ba miji ta rame, an gama yanke mata hukunci. Ba a ma kiran sunan ciwon, sai dai a rage murya a ce "ciwon nan". Ba wanda ya kai ta asibiti balle a san gaskiyar abin da ke damunta, amma kowa ya zama likita. Aka hana yara zuwa wajen, matan gidan suka ware mata guga, suka daina shanya a igiyarta. Inna ce kawai ke aika mata kunu, ni ke kaiwa, in ajiye a bakin ƙofa in ruga a guje ina riƙe numfashi.

To, ranar nan maza sun yi nasu. Kafin hantsi an haƙa kabari, tela ya ɗinka likkafani, an jingine makara a bangon gidan. Saura wanka, shi kuwa wankan mace sai mace. Gwaggo Tasalla, tsohuwar da ta saba wanke mamatan unguwar, aka je aka tarar ƙafarta ta motsa, ƙafar da jiya-jiyan nan ta kai ta kasuwa ta dawo da ita. Wannan ta ce tana da goyo, waccan ta ce maigida bai bari ba, wata kuma ba ta da tsarki. Ban taɓa ganin ranar da uzuri ya yi araha irin ta ba. Liman ya aika gida-gida yana tunatarwa cewa wankan gawa nauyi ne a kan al'umma duka, in mutum ɗaya ya yi ya sauke wa kowa, in an rasa mai yi kuwa kowa ya ɗauki alhaki. Aka ce an ji, aka ci gaba da tsintar wake. Daga nan sai mai gidan haya, wanda ba abin da ya dame shi illa a fitar masa da gawa daga ɗaki, ya kawo shawarar a tsaya daga bakin ƙofa a watsa mata ruwa da bokiti ta saman tufafinta, a naɗe da tabarma a wuce wurin.

Ina kallon Inna lokacin da maganar ta iso mata. Ita fa mace ce matsoraciya, ba ɓoye-ɓoye. In za a yanka kaza ɗaki take shiga, ko mushen ɓera ta gani sai ta kira ƙanina. Ba ta taɓa taɓa gawa ba, ko ta mahaifiyarta. Abin da kawai ta sani shi ne abin da aka koya musu a Islamiyyar matan aure, inda malama ta kwantar da matashin kai a kan tabarma ta nuna musu yadda ake yi, matan suna ta ƙyalƙyala dariya. Sai na ga waina tana ƙonewa a tanda, abin da ban taɓa gani ba, Inna riƙe da tsinke ta ƙura wa wuta ido. Ta kwashe, ta zuba wani ƙullun, shi ma ya ƙone. Can ta ajiye ludayin ta miƙe ta shiga gida, inda Baba ke zaune don ranar babu tirela, na bi ta a baya. Ta durƙusa ta nemi izininsa. Bai yi faɗa ba, shi dama ba mafaɗaci ba ne, ya dai tambaye ta ko ta tuna da tanda, ko tana zaton akwai wanda zai ƙara cin abin da hannunta ya taɓa.

"Na tuna, Malam," in ji ta. "Amma an koya mini, kuma na ji da kunnena. Wanda Allah ya sa ya sani, ya kuma sa ya ji, ai shi ya kira. In na zauna, me zan ce masa?"

Baba ya ce ta je, Allah ya ba da lada. Ni ce ma na riƙe mata gefen zane ina kuka ina cewa kada ta je ta ɗauko mana ciwo. Ta ɓamɓare yatsuna a hankali ta ce in sauke tanda, in ɗora ruwa ya yi ɗumi, in kawo mata bakin ƙofar Habi, kada in shiga.

Haka aka yi. Ta tsinko ganyen magarya a bayan masallaci, ta karɓi kafur wajen liman, ta ɗaura leda a hannuwanta ta naɗe da tsumma mai tsabta, ta ratsa tsakar gidan hayar nan matan suna leƙe ta labule. Da ta isa ƙofar ta tsaya. Ta yi bisimilla ta shiga. Ni ina kai ruwa ina ajiyewa, hannunta ya fito ya ja bokitin. Ta cikin labulen ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, tana yi wa Habi magana kamar mai jinya, tana ce mata sannu, tana gaya mata za ta juya ta ɓangaren dama, tana ba ta haƙuri in ruwan ya yi zafi. Sau ɗaya ta fito, ta dafa bango ta sunkuyar da kai, zufa tana ɗiga daga haɓarta, na ɗauka shi ke nan ta kasa. Ta ja numfashi ta koma. Daga baya ta ce juyawar ba ta ba ta wahala ba, don baiwar Allah ba ta fi damin kara nauyi ba. Kafin azahar Habi ta fito cikin farin likkafani tana ƙamshin turare, aka yi mata salla kamar kowa, maza suka ɗauka.

Inna ta dawo ta yi wanka da ruwan zafi, ta yanke farce, ta wanke kayan jikinta ta shanya, da la'asar kuma ta jiƙa shinkafa kamar kullum. Washegari Juma'a ta dasa tanda. Na ga mutanen da suka shekara suna cin wainarta suna tsallake hanya, wasu su ɗaga hannu daga nesa su ce "Sannu da aiki, Maman Rakiya," su ƙara sauri. Liman ya zo ya zauna a bencin ya ci a bainar jama'a, yana taunawa a hankali don kowa ya gani. Maman Bulus mai itace ma ta aiko da kwano, ta ci gaba da aikowa duk Lahadi in sun taso daga coci. Amma mutum biyu ba sa riƙe sana'a. Muka ci waina da safe, muka ci da rana, muka ɗumama ta da dare, har ƙanina ya ce shi ko sunanta ba ya son ji. Da aka koma makaranta kuma, in an yi da'irar gaɗa sai a bar gurbi hagu da dama da ni, ba mai kama hannuna. Na ji haushin Inna ƙwarai a lokacin. Na ji haushin Habi ma da take kabari, Allah ya yafe mini ƙuruciya.

Ta yi ta rage awo, daga mudu uku zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi, tana fita kullum ko za a dawo. Ba a dawo ba. Kafin kaka wata mata ta kafa tata tandar a bakin hanya, ciniki ya koma can, Inna ta kankare tata ta shafe ta da mai ta kife a bayan ɗaki. Ta shiga ƙwadago a gonakin mutane, cirar gyaɗa, ɓarar rogo, dakon doya daga gona zuwa bakin titi, mu ma ranar Asabar muna biye da ita. Hannun nan da take tattali ya yi kanta ya tsattsage. Shekarar nan mun san yunwa, akwai ranakun da garin rogo da ƙuli ne abincin dare, kuma yunifom ɗaya na ƙare firamare da shi, faci a kan faci. Ciwo dai bai kama ta ba. Daga baya ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa suna bayani cewa ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci ko gaisawa, kowa ya gyaɗa kai, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wani abin da har yau nake jinjinawa shi ne, matan da suka guji wainarta su ne suka riƙa aiko mata in an yi musu rasuwa, bayan Gwaggo Tasalla ta kwanta dama. Ni in ce kada ta je, ita ta ɗauki mayafi. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba.

Shekaru da yawa bayan haka, da jikinta ya ƙi, na ɗauko ta zuwa gidana a Garki. Wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa na tambaye ta abin da na daɗe ina riƙe da shi, ko ta taɓa yin da-na-sanin tandar nan. Ta ce ta yi kewarta, ƙarya ne ta ce ba ta yi ba, har mafarkin tana juya waina take yi, amma kewa daban da-na-sani daban. Sai ta kama hannuna ta ce in lokacinta ya yi ni take so in wanke ta. Na ce mata wallahi tsoro nake ji, ba zan iya ba.

"Ni ma da tsorona na shiga ɗakin Habi," in ji ta. "Da na tsaya jiran ya tafi, da har yau tana nan kwance."

Da lokacin ya yi na wanke ta, da tsorona tun daga farko har ƙarshe.

Yanzu Jiwa ta cika ta batse, gonakin da muka yi ƙwadago a ciki duk sun zama gidaje, mu kuma nan Garki kowa ya ja ƙofarsa, maƙwabci zai yi wata yana kwance ba ka sani ba sai ka ga an kafa rumfar gaisuwa. Muna da safar hannu, muna da asibiti a kusa, mun san abin da ke yaɗuwa da wanda ba ya yaɗuwa, duk abin da Inna ba ta da shi. Amma nakan kama kaina, in wani abu ya taso da na san ni ya kamata in tashi, ina jera uzurori masu kyau waɗanda ba mai iya kushe su. A irin wannan lokaci nake kewarta fiye da kullum. Ita da aka kira ta, tashi ta yi.