Tsagar Hannun Lauwali

Duk wanda ya taɓa hawa kabu-kabun Lauwali daga Bagudo zuwa Tsamiya ya san hannunsa na hagu. Layi-layi ne na tabo, sun kumbura sun yi tauri. Mutanen iyaka kuwa ba su ganin tsaga su yi shiru, sai sun ji ta wane gari ce. Lauwali gwani ne wajen ba su amsa. A Bagudo ya ce ta dangin uwarsa ce na Benin, in ya tsallaka Segbana ya ce ta mutanen Kabi ce. Shekara goma sha biyu ƙaryar nan tana yi masa aiki.

Gaskiyar ita ce shi ya yi wa kansa. Yana ɗan shekara sha tara yayansa ya nutse a kogin Kwara, baƙin ciki ya rasa ta inda zai fita, sai ya riƙa tsaga hannunsa. Ya daina tuntuni, amma ko matarsa Uwa bai faɗa wa ba.

Wata Juma'a ya dawo cin abinci, ya tarar da 'yarsa Munira, mai shekara shida, ta zane hannunta da gawayi, layi-layi, daidai irin nasa.

"Baba, yaushe wanzami za ya yi man tsagar gidanmu?"

Tuwon nan bai ciwu ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba.

Ran Litinin ya tafi asibiti a Birnin Kebbi. Ya soma jawo labarin Benin, likitar ta dube shi kawai, ya ji kunya ya faɗi gaskiya. Ta ce tabon ba zai ɓace ba, amma zai kwanta. Allura cikin tabon wata-wata, babban layin kuma a yanke a sake ɗinkewa. Ta kuma haɗa shi da wani likita wanda aikinsa sauraron abin da ke damun zuciya. Lauwali ya ce allurar da zafi, amma zama gaban mutumin nan ya fi ta.

Dole ya faɗa wa Uwa, don ba a ɓoye bandeji a ɗaki ɗaya. Ta ce, "Ni da nike wanke ma riga? Na daɗe da sani, malam. Jira nikai ka hwaɗi."

Wata takwas aka yi. Ƙaiƙayin da tabon ke yi masa ya tafi, layukan suka kwanta suka dushe. Yanzu in fasinja ya tambaya, Lauwali yakan ce tsohon ciwo ne, ya ƙara wuta.

Munira kuwa zaunar da ita ya yi, ya ɗora yatsanta a kan tabon.

"Wagga ba tsagar gidanmu ba ta. Ciwo na, kuma ya warke. In ranki ya ɓaci, ki zo ki hwaɗa man."

Ta shafa wurin a hankali, ta ce, "Sannu, Baba." Shekara goma sha uku ke nan, ba wanda ya taɓa yi masa sannu da shi.