Mumuni Mai Goge Tablo

Duk wanda ya san Mumuni a Yamai ya san shi da ƙyanƙyami. Ɗan majema ne na Gamkalle, a bakin kogi aka haife shi cikin warin ɗanyar fata da ruwan bagaruwa, amma tun yana ƙarami tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro in ubansa ya zauna bakin akushi bai yi wanka ba. Uban ya gaji ya sallame shi. Ya gwada lambu, taki ya kore shi. Ya gwada wankin mota, can ne ya gano abin da hannunsa ya iya.

Gilashin tablo yake gogewa, wannan da ke gaban direba, mai rufe alluran gudu da na lesansi, wato fetur. Sunan gilashi kawai ya ci, roba ce, ko farce ya taɓa ta sai ya bar zane. Direbobin garin nan kuwa, Allah ya shirye su! Wani da hularsa zai share ƙura a bushe, wani da tsumman da ya gama goge taya, wani ya tofa yawun goro ya murza da babban yatsa. Sai robar ta yi dishi-dishi kamar idon tsoho, sannan a kawo wa Mumuni. Shi kuma ya yamutsa fuska, ya yi tsaki, ya wanke da ruwan sabulu, ya bi zanen da jiƙaƙƙiyar takarda mai laushin yashi, ya shafa man goge haƙori, ya yi ta murzawa da auduga har allura ta fito tas. Yana aiki yana mita da Hausarsa ta kasuwa, in abin ya ishe shi ya koma Zabarmanci.

Arzikinsa duka rumfa ce guda, a bakin parkin Mutari da ke hanyar Kwara Kano. Mutari Bamaraɗe ne, dillalin tsofaffin motocin Turai, shi ya ba shi wurin don ya riƙa fito masa da tablo kamar sabo kafin mai saye ya zo. Masu taksi ma nan suka san shi. A rumfar nan Mumuni ya yi aure, ya aurar, ya yi furfura. In babu ita, babu inda wani zai neme shi.

Ran nan da hantsi Mutari ya fita, sai ga Hajiya Kadi, ungozomar da ta yi ritaya, a cikin motar da ta saya wurinsa kwanan baya. Ƙawar uwar Mutari ce, a hannunta aka haife shi. Ta ce jibi za ta Tawa duba yayarta da ke kwance, ita za ta tuƙa kanta, ga shi ba ta ganin kusurwar tablo da kyau.

"Malam Mumuni, ka fito mini da shi. Idona ya isa da nasa hazon."

Mumuni ya tuna motar. Ita ce Mutari ya ce kada ya wahalar da kansa a kanta. Ya leƙa, ya shafa. Zanen tsumma yakan bi ko'ina ne, wannan kuwa wuri ɗaya ya taru, faɗin kwabo, an kankare da gangan an cusa baƙin man takalmi a ciki. Ya kai yatsa hanci. Tir! Ya san abin da ke ƙarƙashin wurin, ya kuma san rumfar wa yake zaune. Sai ya ja tsaki ya duƙufa.

Da robar ta washe, Hajiya ta tada mota. Jar fitilar nan mai kamar butar shayi ta kama, ta ƙi mutuwa.

"Wannan kuma fa? Da babu ita."

"Da ma tana nan, Hajiya, rufe ta aka yi. Mai ba ya zagaya injin yadda ya kamata. Kada ki hau hanyar Tawa da motar nan sai makanike ya buɗe ta."

Ana cikin haka Mutari ya shigo, yana sakace haƙori. Kallo ɗaya ya yi wa tablon, ya yi wa Mumuni ɗaya. Sai ya kama salati, ya dafe kai.

"Tanti, me ya kai ki ba shi? Ruwa ya zuba ya shiga wayoyi! Ai kullum ina faɗa masa. Baba Mumuni, tsufa ne ko ganganci?"

Kai, mutum! Mumuni ya ga ƙazanta iri-iri a duniya, har mataccen ɓera ya taɓa cirowa daga bayan tablo, amma bai taɓa jin ƙyanƙyami kamar yadda ya ji da ganin bakin nan yana motsi ba. Hausar ta gudu ta bar shi, ya yi ta in'ina, ya nuna audugar da ta yi baƙi ƙirin da man takalmi. Hajiya ta dubi audugar, ta dubi yaron da ta yanke wa cibiya. Wa za ta gaskata? Ta ce, cikin sanyin murya, ba komai Malam Mumuni, kuskure ne, kowa na yi. Wannan afuwar ta fi zagi ciwo.

Mutari ya karɓi makulli ya ce bari ya kai ta baya a busar da wayoyin, Tanti ta zauna a sha ruwa. Mumuni ya bi shi a hankali har bayan kwantena. Can ya same shi durƙushe a kujerar direba, ya ɗebo yashi a tafin hannu yana dirzar wurin, gwangwanin man takalmi a buɗe kan cinyarsa. Ko kunyar a gan shi bai ji ba.

"Baba, ka koma rumfarka ka yi shiru, magana ta wuce. In ka sake buɗe baki, ka nemi wata inuwar."

Mumuni ya koma. Ya dubi rumfar, da bencinsa, da ƙusar da yake rataya riga. Sannan ya wuce su, ya tsaya gaban Hajiya ya faɗa mata abin da ya gani, tiryan-tiryan, da ƙarfi yadda masu shayin bakin titi suka ji. Bai gama ba motar ta zagayo, tablo ba ja ko ɗigo. Hajiya ta leƙa ta taga.

"Alhamdu lillahi, fitilar ta mutu. Malam Mumuni, ka ji tsoron Allah, yaron nan ɗana ne."

Kafin azahar an fitar masa da bokitinsa bakin titi.

Yanzu a unguwar Mawre yake, gefen wani kanti, ba rumfa, rana tana gasa shi. Masu taksin da suka san shi ba su san inda ya koma ba, wasu kuma sun ji labarin cewa yana jiƙa wa mutane wayoyi. Matarsa Adama ta ce masa kala suru, sai haƙuri, ya ce ba haƙurin ne ya gagare shi ba. Duk wanda ya tsaya gabansa da Hausar Tawa, sai ya ajiye auduga ya tambaye shi ko ya ga wata farar mota a gefen hanya, da tsohuwa a ciki. Har yau babu wanda ya ce ya gani, babu kuma wanda ya ce ta isa.