Sadakar Uban Kakata

Kakata ta wajen uwa a Minna aka haife ta, a Minna ta rasu, amma ƙafarta ba ta taɓa taka jirgin ƙasa ba. In ya yi kuka daga tasha muna zaune a gidanmu na Tudun Wada, sai ta ja tsaki ta ce, "Ji mugun." Muna yara dariya muke yi mata. Sai da na yi aure har na haihu na san dalili.

Ubanta baƙo ne. Daga can arewa ya biyo aikin shimfiɗa layin dogo, ya zauna yana dako a tasha. Da Turawa suka kaure da yaƙin duniya na farko, wanda ita take kira yaƙin Jamus, aka zo neman masu ɗaukar kayan soja. Wa ya tambaye su? Aka loda su a tarago har da shi, kamar buhunan gyaɗa, aka yi kudu da su. Lokacin ko wayo ba ta gama yi ba. Abin da ta riƙe kawai game da shi, mutum ne dogo, kuma gammo ya cinye gashin tsakar kansa.

Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, shi shiru. Sai ga wata muguwar mura da ta game duniya ta biyo jirgi ta shigo gari. Ta ce a unguwarsu har masu haƙa kabari sai da suka kwanta. A ciki uwarta ta tafi. Wata Banufiya 'yar Bida mai sayar da waina ta ɗauke ta, ta raine ta, ta aurar da ita.

Uwar dai an yi mata salla an binne ta. Uban kuwa babu gawa, babu wanda ya ga mutuwarsa, don haka ba a yi masa uku ba, balle arba'in. Abin nan ya tsaya wa Kaka a wuya har tsufa. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta kira kawuna ta ce, "Ka yi wa ubana sadaka tun ina numfashi."

Kawu ya ce, "Haba Inna, mutumin da ƙashinsa ma ya zama ƙasa?"

Ta juya masa baya, ta daina cin tuwonsa. Dole ya sa rana.

Muka toya waina, muka daka gumba. Maza suka cika tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna ciki kewaye da ita. An gama karatu za a ɗaga hannu, sai ga Kawu ya leƙo.

"Inna, Liman ya ce yaya sunan mamacin?"

Ta dube shi ta ce, "Baba."

"Sunansa na yanka, Inna."

Ta sunkuyar da kai. Ashe uwarta, irin matan da ce, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Daga "mai gida" sai "shi". Banufiyar kuwa da "mai dako" ta san shi. Nan Kawu ya gane abin da ya sa duk cikin 'ya'yanta maza babu mai sunan ubanta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Turawa sun ɗauke mutum, mura ta ɗauke matarsa, ɗan abin da ya rage wa marainiya kuma alkunya ta binne shi.

Liman ya ce ba komai. Aka yi addu'a ga "uban wannan baiwa taka", aka shafa, aka ci waina, aka watse. Kaka ko loma ba ta kai baki ba.

Na matsa kusa da ita na ce, "Kaka, ki kwantar da hankalinki, ai Allah ya san shi."

Ta ce, "Shi ya san shi. Ni fa, 'yar nan? In na isa can, wa zan ce ina nema?"

Kafin damina ta zagayo muka binne ta.