Bugun da Awudu Bai Yi Ba

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar Awudu ɗan Bawku. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan rubuta wani abu a kansa a wannan shafi, in yabi hannunsa, in yabi halinsa, in roƙa masa gafara. Masu karatu sukan aiko su ce Allah ya bar zumunci, Malam Saidu. Ni kuwa na san cewa sau goma sha ɗaya ina kewaye magana ɗaya kamar mai kewaye rijiyar da ba murfi. Bana na gaji da kewayen.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Awudu ƙwararren ɗan wasan golf ne, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Da shi ya ci, da shi ya sha, da shi ya yi aure. Mutanen Bawku ba su taɓa gane sana'ar ba. Mahaifinsa mai fataucin shanu ne har Burkina, kuma har ya bar duniya yana tambaya ta yaya ƙato da gemu zai yini yana korar ƙwan zabo da sanda. Nawa dangin a Salaga, jikokin fataken goro da suka koma doya, ba su fi shi fahimta ba. A kudu muka haɗu, a wani garin masu haƙar zinare, muna ɗaukar wa manya jakar sanduna, a nan kuma muka saci wasan da ido har muka fi masu jakar iyawa. Shi yana kira na Ɗan Salaga, ni ina kiransa Ɗan Bawku. Yana ce mini mai cikin doya, ina ce masa mai warin albasa. Haka muka yi shekara ashirin.

Gasar da zan ba da labarinta ta gaba da gaba ce. Ba a tara bugu a lissafa a ƙarshe kamar yadda aka saba. Mutum biyu ne ke fita, su bi rami goma sha takwas, wanda ya jefa ƙwallonsa da bugu mafi ƙaranci shi ya ci wannan ramin, wanda ya fi cin ramuka ya wuce, ɗayan ya tattara kayansa. Kifi na ganinka mai jar koma, domin a irin wannan gasa ba filin kake kallo ba, fuskar abokin karawarka kake kallo. Kuma tana da wata al'ada da babu ita a sauran gasa. Idan ƙwallon abokin karawarka ya tsaya dab da rami, kana da ikon ce masa, "Ɗauka, na ba ka." Da zarar ka faɗa, an ƙirga bugun ya shiga. Ba ka da ikon janyewa, shi ma ba shi da ikon ƙi.

Ni da Awudu muna da tamu ƙa'idar a cikin wannan. Duk abin da bai wuce kamu ɗaya ba, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ba ma sa juna bugawa. Ba mu taɓa zama mun yi alkawari ba, haka kawai muka taso da shi.

Wani abin kuma, idan ƙwallonka ya tare wa abokinka hanya a kan ciyawar da ke kewaye da rami, sai ka ajiye alama a bayansa ka ɗauke shi har ya gama. Mutane suna amfani da kwabo ko maɓalli. Awudu da farin wuri yake alama, irin kuɗin mutanen da, wanda ni na ba shi. A cikin wata tsohuwar tukunya na tsince shi a ɗakin kakana a Salaga. Bayansa a fashe yake, yana kwanciya lif a kan ciyawa.

Nakan tambayi kaina me Awudu zai ce da ya ga yau. Yaran yanzu suna ɗaga wata na'ura su auna nisa, shi kuwa da ido yake aunawa ya tofa yawu ya ga inda iska ta nufa. Da ya yi musu dariya har ya riƙe ciki. Titin Yendi da muke shan wahala a kansa an gyara wani sashe, wani sashen yana nan yadda ya bar shi. Bawku kuwa ta sha wuya a bayansa, kuma na san da zuciyarsa ta ƙuna, domin burinsa shi ne ya share wani fili a hanyar Garu ya koya wa 'yan gari wasan ba tare da tambayar ɗan wace ƙabila ne ba. Filin yana nan, albasa ake nomawa. Amma duk waɗannan tambayoyi masu sauƙi ne. Wadda take hana ni sakat ita ce me zai ce da ya ga kofin da ya shekara goma sha biyu a saman kabad a ɗakina.

Mako biyu kafin gasar mun haɗu a Yendi, gidan surukansa, inda matarsa Memuna ta je ganin gida. Bayan la'asar muna zaune a gindin mangwaro da kwanon tuwon zafi, sai na ga miya tana zuba daga hannunsa. Ya ajiye lomar ya miƙo mini hannun, yatsun suna karkarwa kamar na mai zazzaɓi.

"Ɗan Salaga, ka ga abin da ya same ni," in ji shi. "Dogon bugu ba komai. Gajeren ne. In na tsaya a kan na kusa da rami sai hannun ya ƙi ni. Ko Memuna ban gaya mata ba."

Na ce masa gajiya ce, ya sha magani ya huta. Na rantse masa babu wanda zai ji. Kuma ban gaya wa kowa ba. Na dai ajiye maganar a inda bai kamata in ajiye ta ba.

Allah ya sa mu biyu muka kai wasan ƙarshe. Awudu ya taɓa cin kofuna, ni ban taɓa cin ko ɗaya ba, shekaruna kuma sun haura arba'in. A rami na goma sha shida na bar wa kaina bugun da ya fi kamu biyu, ƙafafuna suna rawa, sai na ji ya ce, "Ɗauka, mai cikin doya, kada ka ba mu kunya." Jama'a suka yi dariya. Muka iso rami na ƙarshe yana gabana da ɗaya. In muka yi canjaras a nan, kofi nasa ne. In na ci, sai a ƙara mana rami.

Bugunsa na uku ya tsaya kamu ɗaya daga rami, ko bai ma kai ba. Ya tare mini hanya, don haka ya ajiye farin wurin ya ɗauke ƙwallonsa. Ni kuma daga nesa na buga na huɗu, ya yi ta mirginawa har ya faɗa. Saura nasa. In ya jefa, ya ci gasa.

Ya juyo ya dube ni da murmushi, ƙwallon a hannunsa, yana jiran kalmar da ya saba ji shekara ashirin. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Rana ta yi sanyi, filin ya yi tsit, har ina jin kukan wata kurciya can bayan itatuwa. Babu wanda zai zarge ni, domin doka ba ta tilasta ni ba, kuma 'yan wasa da yawa za su ce bugun da ake cin kofi da shi ba a bayar da shi kyauta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san abin da na gani a gindin mangwaro, kuma da shi nake wasa.

"Ɗan Salaga," ya ce a hankali, "shiru ne?"

Ban amsa ba. Murmushin ya tafi. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya sunkuya zai mayar da ƙwallon gaban farin wurin, sai na ga sunkuyon ya yi tsawo. Gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sannan kafaɗarsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba shi alama. Da masu wanka suka zo, sai da suka buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin su cire ƙwallon.

Lokacin da aka ruga da shi, ni kaɗai na rage a kan ciyawar, ni da farin wurin. Na ɗauka na sa a aljihu. Alƙalan gasa suka ce tunda abokin karawata bai iya ƙarasawa ba, nasara tawa ce. Na karɓi kofin. Wannan ma ban taɓa rubutawa ba: na sa hannu biyu na karɓa. A Bawku da liman ya ce jama'a a yafe wa mamaci, na ɗaga murya na ce na yafe, kamar ni ne aka yi wa laifi.

Ni musulmi ne, na san wanda ya tafi ya tafi. Abin da ya biyo baya zan faɗe shi yadda ya faru, kowa ya auna da nasa hankalin. Tun daga ranar ban sake jefa ƙwallo daga kamu ɗaya ba. Dogon bugu lafiya lau, amma da na tsaya a kan na kusa sai yatsuna su kama karkarwa, irin tasa sak. Shekara biyu na daure, sannan na rataye sanduna na koma Salaga sayar da doya. A can ma, da rana tsaka, ana lodin mota ana hayaniya, sai in ji ƙarar nan da ƙwallo ke yi idan ya faɗa rami, ƙwal, dab da kunnena. In waiwaya, babu komai sai tulin doya. Sau biyu ina kai wa Memuna farin wurin a Yendi, inda ta koma da zama, sau biyu ina isowa gida in tarar da shi a aljihun rigata. Na ce ita ce take mayar mini a ɓoye. Ta rantse ba ita ba ce.

Bara da na biya gaishe ta, ta kawo mini ruwa ta zauna nesa kaɗan. Memuna Badagomba ce, ba ta taɓa taka filin golf ba, kuma ba ta san abin da ya faru a rami na ƙarshe ba sai dai cewa mijinta ya faɗi.

"Yaya Saidu," ta ce, "ni ban san wasanku ba. Amma abokinka, kullum in na gan shi a mafarki, yana sunkuye. Kamar mai ruku'u, amma ba salla ba ne. Hannu ɗaya a ƙasa. In na ce Awudu tashi mana, ba ya tashi. Kai kawai yake juyawa, kamar yana jiran mutum ya yi magana. Shekara nawa yanzu, bayansa ba ya ciwo?"

Na ajiye ruwan. Na yi mata sallama ban ce komai ba, shiru na biyu ke nan.

Bayan na dawo na ɗauko tsohon littafin dokokin wasan, ba don ban san abin da ke ciki ba. Doka ta ce kana iya ba abokin karawarka bugunsa na gaba a kowane lokaci, muddin bai riga ya buga ba. Awudu bai buga ba. Alƙalai za su ce an rufe gasar tuntuni, kuma gaskiyarsu ne. Amma wannan tsakanina da shi ne.

Makon jiya na naɗe kofin a zani na hau mota. Na sauka Yendi na ajiye shi a gaban Memuna, na gaya mata komai, har maganar gindin mangwaro. Ta daɗe tana kallona. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Je ka gaya masa." Washegari na bi ta Garu na isa Bawku da hantsi. Kabarin ya lafe, da ƙyar na gane shi da wani dutse da ƙaninsa ya nuna mini kafin ya koma kasuwa. Na yi sallama, na yi addu'a. Sannan na fito da farin wurin na ajiye a kan busasshiyar ƙasa, na auna kamu ɗaya da hannuna daga gefen kabarin. Niyyata in faɗi abin da zan faɗa in ɗauke abina, domin ba ma barin kaya a maƙabarta. Na miƙe tsaye, na dubi inda fuskarsa take, wannan karon ban kalli takalmi ba.

"Ɗan Bawku, ɗauka. Na ba ka."

In aka tambaye ni me ya rage na Awudu, ba kofuna ba ne, don sun yi tsatsa, ba kuma filin hanyar Garu ba. Abin da ya rage shi ne mutumin da ya ga abokinsa yana rawar ƙafa a rami na goma sha shida ya ce masa ɗauka, alhali nasa hannun ya fi rawa. Shi bai ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba. Ni sai da na shekara goma sha biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya miƙar masa da bayansa.

Da na gama share hawaye na sunkuya in ɗauki wurin. Ƙasar a share take, babu ciyawa, babu rami, babu kowa a maƙabartar sai ni. Ga sawun gwiwar hannuna inda na auna, ga ɗan gurbin da wurin ya kwanta. Na laluba har rana ta take, na zazzage aljihuna duka biyu. Wataƙila idona ne ya tsufa. Na dai dawo Salaga babu shi, kuma yau kwana shida ke nan bai biyo ni ba.