Ƙiryar Kabarin Inna

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu ina goye, a wata tunga da ke kan tudu arewa da Gaya, can cikin daji ta wajen Bana. Ba a daɗe ba rijiyar tungar ta ƙafe, mutane suka watse, kowa ya gangaro inda yake da dangi. Hoto babu, ko zanenta ɗaya ban gada ba. Abin da ya rage mini kabarinta ne, shi ma ban taɓa ganinsa da wayona ba. A wajenmu ba a rubuta suna a kabari, ba a zuba masa siminti. Itace ake jerawa, a toshe da tsingaron tukunya, a mayar da ƙasa, in an yi ƴan damuna wurin ya baje. Wanda ya binne shi ya sani, kuma cikin waɗanda suka binne Inna saura mutum ɗaya a duniya, yayanta, Kawu.

Tun muna yara yake ba mu labarin. Ranar da aka rufe ta, da mutane suka juya gida, shi sai ya koma da gatari ya yi sara mai zurfi a jikin wata ƙirya da ke daidai kanta, tsayin ƙirjinsa. Ƙirya ya zaɓa don taurinta, gara ba ta cin ta, iska ba ta ka da ita. Yakan ce ko jikokin jikokinmu suka hau, saran nan zai nuna musu wurin. Mu kuwa muka yarda, don haka babu wanda ya yi gaggawa. Da damina ciyawa ta rufe hanya ga macizai, da bazara rana ba ta barin tsoho ya hau tudu, sai bayan kaka kaɗai ake iya tafiyar. Kowace kaka kuma da abin da take zuwa da shi, ko biki ko rasuwa, ni kuma ina Yamai maƙale da shago.

Shekarar da muka hau, wana ne ya kira ni a telefon. Ya ce yanar ido ta rufe idon Kawu na hagu ruf, na daman ma dishi-dishi yake gani da shi, in ban zo bana ba kada in zo baɗi in dami kowa da tambaya. Yaya ba ya iya lallashi, haka yake magana ko da gaisuwa ce. Na rufe shago na shiga mota.

Mu huɗu muka fita da safe: Kawu, Yaya, ni, da ɗan Kawu wanda yake taubashina. An riga an yanke gero an kai rumbu, gonaki sai kara tsaye da shanun Fulani suna kala, a fadama kuma ana ta bugun shinkafa. Muka bar baburanmu a wata ruga da ke gindin tudu, matar gidan ta ba mu nono muka sha, muka kama hawa a ƙasa. Kawu ya dafa kafaɗar Yaya, sanda a ɗaya hannun, taubashina yana rataye da bidon ɗin ruwa, wato jarka, ni kuwa tumbina kaɗai nake ɗauke da shi, shi ma ya ishe ni. Taubashin nan bai bar ni na huta ba. Wai shinkafar Yamai ce take fita ta goshina, wai in na faɗi ba zai ɗauke ni ba, gangaro ni zai yi har ruga a ce an samu buhu. Na ce masa bawa ba ya magana gaban ubangidansa. Har Kawu ya yi dariya, kuma dariyar ƙarshe ke nan da na ji a bakinsa ranar.

Gindin tudun bai ba ni tsoro ba. Sabara da geza sun cika gefen hanya, ga taramniya ganyenta ya yi ja yana zuba, ga marke nan da can, busasshiyar ciyawa har ƙugu tana ƙara in mun ratsa. Ƙasa jan dutse ce mai tsakuwa, ƙafa tana zamewa. Da na waiga daga wani lanƙwasa sai na hango kogi yana sheƙi, da gadar da ake ƙetarawa Benin, da kamiyoyi, manyan motocin kaya, jere kamar tururuwa, da giginyu can ƙasa ta wajen Bengu. Raina ya yi fari. Na fara shirya abin da zan ce in mun isa, ni da na kai shekarun da ita ba ta kai ba, ina tunanin yadda ake gaida uwa karon farko.

Kawu yana tafe yana faɗin abin da ya kamata mu gani. Nan akwai duhuwa inda birai ke jifan mata masu itace. Gaba kaɗan ɗorawa biyu da suka haɗa kai. Yaya yana amsa masa da to, to, alhali babu duhuwa babu ɗorawa, sai kututture da sabon toho. Na harari Yaya, ya kau da kai. Daga baya shi Kawu da kansa ya daina faɗi, don rana tana dukan ƙeyarsa a inda ya san inuwa, kuma wannan ba ya buƙatar ido.

Warin hayaƙi ne ya fara tarye mu kafin mu kai saman. Da muka ɓulla sai ga fili fetal, tun daga inda muke tsaye har inda tudun ya karye. Kututtura ne ko'ina, gajeru, an sare su dab da ƙasa, tsakaninsu ramukan gawayi baƙi ƙirin, wasu tsofaffi ciyawa ta fara cin su, ɗaya yana hayaƙi a ƙarƙashin ƙasar da aka lulluɓe shi da ita. Ƙirya ta fi kowane itace gawayi mai kyau, wannan kowa ya sani, maƙera sun sani, masu shayi sun sani. Mu ma mun sani, amma ko sau ɗaya cikin shekarun nan babu wanda ya haɗa wannan sanin da saran Kawu.

Kawu ya tsaya. Ya ce, "Mi kuke gani? Ku hwaɗa mini gaskiya."

Ni na gaya masa.

Mai gawayin yana zaune gefen raminsa, wani ramammen mutum mai tari, da buhuna ƴan kaɗan da igiya. Na tafi wajensa da faɗa a bakina, na shirya zagi har na kakanninsa. Ya miƙe ya gaishe mu da Dandanci, yaren yankin, da ya ji Hausa ya juya, ya ba Kawu buhu ya zauna. Ya ce shi bara ya zo, ya tarar an riga an gama da manyan, saiwa da kututture yake tonowa yana ƙonawa. Waɗanda suka sare sun yi gaba tuni, bai san su ba. Da Yaya ya tambaye shi ko ya taɓa ganin tsingaro wuri ɗaya, ya ce ai kufai ne, duk inda ka sa diga tsingaro ne. Da ya gane abin da muke nema sai ya dafe kai yana salati. Zagin da na zo da shi, har yau ban samu wanda zan ba shi ba.

Kawu bai yarda ba. Ya ce a nemo masa bakin rijiya, daga can zai iya kwatanta. Muka bazu, taubashina ya samo wani ɗan kwari mai duwatsu a zagaye, ya cike da ƙasa. Muka kai Kawu, muka juya fuskarsa gabas kamar yadda ya ce, ya saki kafaɗar Yaya ya kama tafiya shi kaɗai da sanda. Inda ya tsaya kututturan ƙirya sun fi a ƙirga da hannu ɗaya, duk kama ɗaya, wasu ma an tone su sai rami. Ya durƙusa yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, yana lalubar gefensu da yatsu, ya rarrafa zuwa na gaba. Mun san saran a tsayin ƙirji yake, kututturan kuwa ko gwiwa ba su kai ba. Shi ma ya sani. Babu wanda ya iya ce masa ya bari, muka tsaya muna kallon tsoho yana rarrafe cikin toka har rigarsa ta yi baƙi.

Yaya ne ya ce mu yi addu'a a nan, ai Allah ya san inda take. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa kamar in mare shi. Ban hau tudun nan don in tabbatar Allah ya sani ba, ni nake so in sani, in tsaya wuri ɗaya in ce nan ce. Na ɗaga hannu tare da su, bakina yana karatu, idona yana yawo daga wannan rami zuwa wancan, kowanne na kalla sai in ji kamar shi ne, sai kuma in ji ba shi ba ne. Baƙin cikin da na ji a wurin ya fi na ranar da aka fara gaya mini ni maraya ne.

Da muka shafa, taubashina ya miƙa wa ubansa ruwa, ya ƙi karɓa. Ya daɗe zaune a ƙasa, hannunsa kan wani kututture. Can ya ce, ba tare da ya juyo wajen kowa ba, "Ƙanwata ce, ni na sa ta da hannuna, kuma na ɓad da ita." Yaya ya fara ba shi haƙuri, Kawu ya ɗaga masa hannu. Sai ya sunkuya ya zare takalmansa ya riƙe.

Ya ce, "Ku tuɓe naku. Ban san inda take ba, kada wani ya taka ta da takalmi."

Muka tuɓe. Mai gawayin ma, da yake kallonmu daga nesa, ya zare nasa. Haka muka ratso filin nan ƙafa ba takalmi, kan tsakuwa mai zafi da ƙarangiya da guntayen gawayi, kowa yana sa ƙafa a hankali, kuma Kawu bai bari mun mayar da su ba sai da muka sauka daga tudun gaba ɗaya.